Darasi Na Tara: Maƙoƙo, Gishiri da Abin da Muka Gada

Ku ɗora yatsa a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, ku haɗiye yawu. A nan wata 'yar tsoka take, mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta wajen giram 20. Likitoci suna kiranta tairod. Idan ta kumbura, shi ne muke cewa maƙoƙo.

A wani aji na mata da na koyar a Daura akwai wata baiwar Allah da take zuwa da rigar sanyi a watan Afrilu, kowa na fifita ita tana naɗe da mayafi biyu. Fatarta ta bushe, gashinta yana zuba a kan mataji, barci ba ya isarta. A gida an ce lalaci ne, wasu suka ce sammu. Wata rana ta tsaya bayan an tashi ta ce mini, "Malama, wallahi ba son jiki ba ne, jikin ne ya ƙi." Gwajin jini ɗaya a asibiti ya nuna tairod ɗinta ce ta yi rauni. Saboda ita na rubuta wannan darasi.

Aikin tairod shi ne ta zuba wani sinadari a jini wanda yake gaya wa jiki saurin da zai yi aiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har girman ƙwaƙwalwar jariri. Tana yin sinadarin da aidin, irin wanda ake sa wa gishiri. Yawancin abin da take fitarwa sunansa T4, domin ƙwayar aidin huɗu ce a jikinsa.

To amma T4 tamkar gero ne a rumbu. Dukiya ce, sai dai ba a dama fura da shi sai an surfe. Jiki ma surfe yake yi: yana cire aidin ɗaya daga cikin huɗun, sai T4 ya koma T3, kuma T3 ne mai ƙarfin aiki. Wajen kashi 80 cikin 100 na T3 ba a wuya ake yin sa ba. A hanta ne, da ƙoda, da tsoka, da ƙwaƙwalwa. Masu surfen wasu sinadarai ne guda uku da ake kira diyodines. Biyu suna mai da T4 ya zama T3. Na ukun yana cire wata ƙwayar daban ya kashe masa ƙarfi, don kada abin ya yi yawa. Abin da ya fi burge ni shi ne kowace gaɓa tana surfe gwargwadon buƙatarta, kamar yadda kowane gida yake auna tsabarsa. T4 yana kai kusan kwana 7 kafin rabinsa ya ƙare a jini, T3 kuwa kamar kwana ɗaya. Masu surfen nan ba sa aiki sai da wani ma'adini, seleniyam, wanda ake samu a kifi da ƙwai da nama.

Ina gado ya shigo? Kowane ɗayanmu yana ɗauke da ƙwayoyin gado, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma su ne suke tsara yadda za a ƙera masu surfen. Ƙwayar gadon da ake kira DIO2, wadda take tsara ɗaya daga cikin masu mai da T4 ya zama T3, tana da wani ɗan bambanci a jikin mutane da yawa. Akasarinsu lafiyarsu lau, gwajin jininsu ma daidai yake fitowa. Gado ba hukunci ba ne.

Inda gado ya fi nuna kansa shi ne a cikin dangi. Ciwon da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi tairod yana bin gida, kuma ya fi kama mata. Idan mahaifiyarki ko yayarki tana da shi, ki faɗa wa likita. Akwai kuma jariran da ake haifa tairod ɗinsu ba ta iya haɗa sinadarin, idan uwa da uba duk sun ba su ƙwaya iri ɗaya mai matsala. Wannan ya fi yiwuwa a auren zumunci, kuma mun san yadda yake a gidajenmu. Ba na cewa a bar shi. Ina cewa jaririn da shawara ta daɗe masa, ba ya kama nono sosai, barci ya yi masa yawa, a kai shi a gwada da wuri, domin idan an fara magani a makonnin farko yana tashi da basirarsa.

Maganin raunin tairod, levothyroxine, T4 ne. Gero ake ba jiki ya surfe da kansa. Ana shan sa da ruwa da sassafe, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini a ba shi tazarar awa 4. Bayan an sauya yawan ƙwaya, a koma gwaji cikin mako 6 zuwa 8. Wanda yake sha amma har yanzu jiki ya ƙi, ya koma wurin likita, kada ya ƙara da kansa, yawansa yana wahalar da zuciya.

Babba yana buƙatar maikrogiram 150 na aidin a rana, mai ciki 250 (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, amma aidin yana guduwa idan gishiri ya sha rana da danshi a buɗaɗɗen kwano, kamar wanda ake aunawa a kasuwa. Kantun gishiri na Bilma kuwa ba a sa masa.

Aikin gida: ku duba ledar gishirin da ke madafinku, ku nemo kalmar aidin a jiki, ku kwafe ta a littafi. Ku juye gishirin a kwalba mai murfi. Ranar aji ku zo da ledar mu karanta tare.