Yadda ake riƙe kare ko mage a rukunin gidajen gwamnati

A rukunin gidaje irin na Gesse ko Gwadangaji a Birnin Kebbi, katanga ɗaya ce ta raba ka da maƙwabci, kwata ɗaya kuke zuba ruwa, yaranku kuma fili ɗaya suke wasa. Don haka kafin ka kawo dabba, duba sharuɗɗan takardar gidan, ka kuma sanar da maƙwabtan dama da hagu, musamman in kare ne.

Abu na farko bayan ta shigo gida shi ne rigakafin ciwon haukan kare. Ana yin allurar da wata 3 da haihuwa, a maimaita duk shekara, kuma mage ma tana buƙata, domin ita ma tana ɗauka tana yaɗawa. Kai dabbar asibitin dabbobi da kanka, ka karɓi katin shaida ka adana. Kada ka yarda da allurar da aka ɗauko daga aljihu ko kan tebur a kasuwa: in ba a cikin sanyi aka ajiye ta ba, zafi ya riga ya kashe ƙarfinta. Idan dabbar ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar, a killace dabbar kwana 10 ana lura da ita. Wannan ciwo in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Maganin tsutsar ciki duk wata 3, gwargwadon nauyinta. Kaska kuma a nemo ta cikin kunne da tsakanin yatsu, a kama ta dab da fata a zare a hankali. Shafa baƙin mai ko fiya-fiya a jikin dabba zalunci ne, tana lashewa ta mutu. Haka paracetamol: ƙwaya ɗaya na iya kashe mage.

Sai wurin zama. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kare kuma da haki yake rage zafin jiki, ba da gumi ba. Kada a ɗaure shi da gajeren sarƙa kan siminti a rana. A yi masa rumfa, ruwa ya kasance gabansa kullum, a fita da shi da igiya da sassafe ko bayan la'asar. Yawan haushin dare da ke hana unguwa barci, galibi ɗauri ne da yunwa da kaɗaici. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha ya ishe mu gargaɗi.

Mage a zuba mata yashi a faffadar roba nesa da madafa, a kwashe kashin kowace rana, a canza yashin duk mako. Mai juna biyu kada ta yi wannan aiki, akwai ƙwayar cuta a kashin mage da ke illata ɗan tayi. Kashin kare a binne ko a ƙulle a leda, ba a tura shi kwata. Shinkafar ɓera kuma a daina watsa ta a tsakar gida.

Mage tana ɗaukar ciki kusan wata 2, tana iya haihuwa sau 3 a shekara. In ba ka da inda za ka kai 'ya'yan, sa likitan dabbobi ya yi mata aikin hana haihuwa, namiji a yi masa fiɗiya, tun suna wajen wata 6.