Yadda Ake Shirya Cibiyar Wasannin Unguwa Don Zafi da Ambaliya

Kafin a sayi ko jarka ɗaya, a fara duba inda ginin yake. Idan yana cikin kwari, ko ruwa ya taɓa kwanciya a ƙofarsa, zai yi amfani a matsayin mafakar jama'a lokacin tsananin zafi, amma kada a sa shi cikin lissafin ambaliya.

Daga nan sai a auna zauren. Ƙa'idojin Sphere na aikin agaji sun ba kowane mutum murabba'in mita 3.5, don haka zaure mai mita 20 a tsayi da 14 a faɗi zai kwanar da mutum 80. Su kuma suna buƙatar banɗaki 4, wato ɗaya ga mutum 20, da ruwa lita 15 kowanne a yini na sha da girki da tsafta. Na kwana uku ya kama lita 3,600. A rubuta ranar cika tanki a jikinsa, a riƙa sauya ruwan duk wata 6.

Wajen wuta ne aka fi yin kuskure. Janareta ya zauna a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, domin iskar kabon monoksaid da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. A tayar da shi duk wata, don man da ya daɗe yana toshe kafireto. Abin da za a fara jonawa shi ne firijin magani (insulin, maganin ciwon suga, yana son sanyin digiri 2 zuwa 8), sai fitilu da wurin cajin waya. Fanka kuwa, in zafin ɗaki ya kai digiri 40, ƙara wa jiki zafi take yi. A haɗa da jiƙa fata da jiƙaƙƙen tawul, a ware ɗaki guda mai na'urar sanyaya iska.

Abin da na fi dagewa a kansa shi ne rajistar mutane. Zafin da ya kashe sama da mutum 700 a birnin Shikago na Amurka a 1995 ya fi ɗaukar tsofaffi, da yawansu su kaɗai suke zaune. Irinsu ba sa kawo kansu. A bi gida-gida a rubuta tsofaffi, masu ciki, masu lalura da masu keken guragu, a ɗora wa kowanne maƙwabcin da zai ɗauko shi. A ajiye kwafi a takarda, tunda waya tana mutuwa.

Makullin ya kasance a hannun mutum uku da ke kusa. Sau ɗaya a shekara, kafin lokacin zafi ko damina, a kashe wuta da gangan, a buɗe cibiyar da dare, a ga minti nawa za a ɗauka kafin mutum na ƙarshe a rajista ya iso.