Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da kwamfuta a firamare, da gyaransu

Babban kuskure shi ne mayar da darasin kwamfuta hadda. Malami ya zana maus a allo, yara su yi ta rera "kwamfuta na'ura ce mai aiki da lantarki", har zango ya ƙare babu wanda ya taɓa ta. Yaro zai ci jarrabawa, amma a ce ya buɗe fayil sai ya yi tsuru-tsuru. Uzurin malamai gaskiya ne, domin a makarantun gwamnati da ke Rigasa ko Tudun Wada aji kan cika maƙil. Duk da haka, kwamfuta 5 za su ɗauki yara 60 idan an tsara. A zaunar da uku a kowace ɗaya, rukuni huɗu ke nan. Rukuni biyu su shiga a darasi guda, minti 15 kowanne, sauran kuma suna gwajin yatsu a kan kibod da aka zana a kwali. Duk minti 5 a sauya mai riƙe da maus. In ba haka ba, wanda ake da kwamfuta a gidansu zai kankane, masu kunya, musamman 'yan mata, su koma 'yan kallo.

Sai gaggawa. Ana ɗora ɗan aji ɗaya a kan Microsoft Word alhali bai gama sanin baƙaƙe ba. Hannu ake fara horarwa, da manhajar zane ta Tux Paint ko ta wasannin koyo ta GCompris, duka kyauta ne kuma ba sa buƙatar intanet. Idan danna sau biyu ta ƙi, yawanci maus ɗin ne ke gocewa tsakanin dannawar. Yaron ya kafa tushen tafinsa a kan tebur. Buga rubutu ya jira aji uku, a fara da ɗora manuniya biyu a kan F da J, inda ake jin ɗan tudu.

Daga aji huɗu a shigo da Scratch, shirin da yara ke jera tubalan umarni a cikinsa don motsa wata mage a allon kwamfuta, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin 'yan shekara 8 zuwa 16. A sauke shi sau ɗaya, a raba da filas. Kada a bar yara suna kwafar tubalan malami kawai. A tambaye su: idan muka mayar da taku 10 zuwa 50, ina magen za ta tsaya? Su faɗa tukuna, sannan su gwada.

Wuta ma tana cinye darasi. Laftop da aka yi wa caji tun da safe ta fi ta tebur amfani a nan. A koya wa yara danna Ctrl da S don adana aiki tun ranar farko, a hana kashewa daga soket, domin hakan na lalata fayil. Da hunturu a lulluɓe na'urorin da ƙyalle, ƙura na toshe fanka. Da damina a zare wayar wuta idan hadari ya taso.

Abin da aka fi mantawa shi ne wayar iyaye, wadda yaran suka fi riƙewa. A nuna musu saƙon "ka ci kyauta, turo lambar da aka aiko maka", su gano da kansu inda damfarar take. A kuma sanar da iyaye a taron PTA cewa dokar Facebook ba ta yarda ɗan ƙasa da shekara 13 ya buɗe shafi ba.