Yadda za ka duba ƙarfen dufleks kafin a sauke shi ƙasan teku

Wannan na samarinmu injiniyoyi ne da ke zaune a ofisoshin Abuja ana ajiye musu zanen kayan haƙo mai na teku mai zurfi irin su Bonga da Egina, a ce su duba su sa hannu. Idan ka ga an rubuta 2205 (lambar wani nau'in dufleks, ƙarfe mai jure tsatsa) ko sufa dufleks mai kiromiyom kashi 25, kar ka ce ai wannan ba ya tsatsa shikenan. Tsatsa ba ita ce damuwarsa ba, tsagewa ce.

Fara da tambayar me aka haɗa shi da shi. Kusan kullum yana jone da baƙin ƙarfe, shi kuma baƙin ƙarfen an liƙa masa anod, wato guntun alminiyom da ke cinyewa a madadinsa, don kar gishirin teku ya cinye shi. Baƙin ƙarfe da ya samu -800 mV (milibolt, ma'aunin ƙarfin lantarkin da ke kare shi) ya wadatu, amma anod ɗin yana jan komai har wajen -1050 mV, to a nan ruwa ke sakin haidirojin a jikin ƙarfen, ya riƙa kutsawa ciki a hankali ba wanda ya gani. Maganin wani ne ya zama cutar wani.

Sai ka nemi hoton cikin ƙarfen da aka ɗauka da madubin likita, nan ne aikin yake gaskiya. Dufleks gauraye ne na ƙwayoyin ƙarfe iri biyu, ferait da ostenait kusan rabi da rabi. Haidirojin yana gudu a cikin ferait ya busar da shi har ya fara tsagewa, ostenait ɗin ne ke tare tsagar ta tsaya. Shi ya sa ƙa'idar DNV-RP-F112 ta kamfanin tantance inganci na DNV, wadda ta fara fitowa a 2008, ta damu da tazarar da ke tsakanin ostenait da ɗan'uwansa: in ba ta wuce maikiron 30 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) an ɗauke shi mai laushin ƙwaya, in ta wuce dole ka rage nauyin da za ka yarda a ɗora masa. Manyan gabobi masu kauri da aka ƙera da dukan guduma su ne suka fi fitowa da manyan ƙwayoyi, kuma ka tabbata samfurin daga ainihin wurin mai kauri aka yanko shi ba daga gefe ba inda sakamako zai yi kyau, dan masu kawo kaya ba sa son wannan tambayar ko kaɗan. Irin wannan tsagewar ce ta faru a filin mai na Foinaven, yamma da tsibiran Shetland na Birtaniya, a 1996, gabobin sufa dufleks suka tsage tun kafin a fara fitar da mai.

Daga nan ka bi zanen da biro, duk inda akwai walda ko kusurwa mai kaifi ko inda kauri ya canza farat ɗaya ka zagaye shi. Tambayi ko lissafin nauyin da ƙarfen zai ɗauka ya haɗa da damuwar da walda ta bari a jikin ƙarfen, da nauyin saukewa, da motsin bututu idan ya ɗauki zafi. Bakin walda kuma a auna ferait ɗinsa, sanyi da sauri yana ƙara shi.

Fenti yana taimakawa amma kar ka yarda a ce maka an shafa saboda haka a sassauta lissafi, ƙarzuwa ɗaya wajen saukewa ta isa. In wurin ya ƙi cin lissafi, a ƙara kauri, a zagaye kusurwar, ko a koma gabobin da ake matsawa daga garin ƙarfe da zafi, su ƙwayarsu ƙanana ce. Tsada kam akwai, kuma a rubuta canjin cikin zanen kafin a ba da odar kaya.