Kurakuran da ke kashe ɗaukaka ƙara a shari'ar hatsarin motoci da yawa

Na gaji da ganin mutanenmu na Katsina suna zuwa ofishina na lauya da kwafin hukunci a hannu, suna zaton Kotun Ɗaukaka Ƙara za ta sake sauraron shari'ar tun daga tushe. Ba haka take aiki ba. Abin da aka rubuta a Babbar Kotu shi take dubawa, kuma da wuya ta karɓi sabuwar shaida.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne kai ƙarar direban da ya buge ka shi kaɗai. Idan tirela ta tsaya a hanyar Kankia da dare babu alama, motoci huɗu suka yi karo a bayanta, wanda ya daki motarka ba lallai ne shi ya haddasa hatsarin ba. Na taɓa karɓar irin wannan shari'a bayan an yanke hukunci, na tarar ba a saka mai tirelar a ƙarar ba, ba a kira ɗan sandan da ya zana taswirar wurin ba, sannan ake so in nuna alƙali ya yi kuskure wajen ɗora laifi. Da me zan nuna? Mun faɗi, kuma kuɗin da aka kashe ya kusa kai kuɗin gyaran motar. Shi ya sa ba na shigar da ƙara sai na san direba da mamallakin kowace mota, da kamfanin inshorarta.

Na biyu, maganar diyya. Kuɗin asibiti, kuɗin gyara da asarar kuɗin lodi dole a jera su ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, a tabbatar da su da shaida. "Bakanike ya ce miliyan biyu" ba hujja ba ce. Haba jama'a, mutum ya adana katin ɗaurin aure shekara goma amma ya yar da rasit! Kotun sama ba ta taɓa adadin diyya sai an bi ƙa'idar da ba daidai ba, ko adadin ya yi yawa ko kaɗan fiye da hankali.

Wa'adin ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe wata 3 ne, na wucin gadi kuwa, wato wanda aka yanke kafin a kammala shari'a, kwana 14, kuma zaman sulhu da dattawa ba ya tsayar da ƙidaya. Ni ina shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara tukuna, sannan a ci gaba da sulhun. Haka kuma, idan kai aka yanke wa biyan diyya, ɗaukaka ƙara ba ta hana a kwashe motarka, sai ka nemi umarnin dakatar da zartar da hukunci daban.