Idan karenka ya fara zawon jini: abin yi a sa'o'in farko

Kare ya ci abincinsa da safe lafiya lau, ya yi haushinsa, ya raka yara har bakin ƙofa. Da la'asar ya yi amai sau biyu. Kafin isha'i sai ga zawo ja, ruwa-ruwa, mai ƙarni, kamar an kifar da zoɓo mai kauri a tsakar gida. Haka wannan ciwo yake zuwa, ba ya sallama. Likitocin dabbobi mun daɗe muna kiransa HGE, wato kumburin tumbi da hanji mai zubar da jini, yanzu kuma a takardun asibiti za ka fi ganin AHDS, wato zawon jini mai zuwa farat ɗaya, tun bayan da masu bincike a jami'ar Munich ta Jamus suka leƙa cikin karnuka masu ciwon da na'ura a 2014, suka ga ɓarnar a hanji take, tumbin bai taɓu ba.

Abin da nake so kowane mai kare ya riƙe shi ne, jinin da ya tsorata ka ba shi ne yake kashe karen ba. Ruwa ne. Bangon hanji yana lalacewa cikin 'yan sa'o'i, sai ruwan jiki ya riƙa kwarara daga jijiyoyi zuwa cikin hanji, ya fita ta zawo. Jinin da ya rage a jiki ya yi kauri, zuciya ta sha wahalar tura shi, ƙoda ta rasa rabonta. A lafiyayyen kare, jajayen ƙwayoyin jini suna ɗaukar kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari na jinin. A wannan ciwo sukan kai kashi 60 ko fiye. Ka ga abin mamaki: kare yana zubar da jini amma gwaji yana nuna jininsa ya yi yawa, alhali ruwan da ke tsinka shi ne ya tsere. Maganin wannan ƙarin ruwa ne ta jijiya, kuma a gida ba a yin sa.

Kafin ka ɗauke shi, ka ba kanka minti biyar ka duba shi, domin abin da ka gani zai taimaki likita. Sa safar hannu, ko ka zura hannu cikin leda. Ɗaga leɓensa na sama ka kalli dasashi. Na lafiyayyen kare ja-ja ne mai haske, da danshi. Idan ka taɓa ka ji ya bushe yana manne wa yatsa, ruwa ya ragu. Danna shi da yatsa har wurin ya yi fari, ka saki: ya kamata launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Idan ya ɗauki fiye da haka, ko dasashin ya yi fari fat, ko ya yi ja jawur, lamarin ya yi nisa. Taɓa kunnuwa da tafin ƙafafu, in sun yi sanyi jini ba ya kaiwa can. Sa yatsu a cikin cinyarsa ta ciki, kusa da matsematsi, za ka ji bugun jini. Mai sauri kuma marar ƙarfi alama ce mara kyau. In kana da ma'aunin zafi, zafin jikin kare yana tsakanin digiri 38 da 39.2 ne.

Akwai gwajin da kowa ya sani, na jan fatar bayan wuya a saki a ga ko za ta koma nan take. Ka yi shi, amma kada ya ruɗe ka. Wannan ciwo yana da saurin da jijiyoyi kan rasa ruwa tun fata ba ta nuna komai ba. Na sha ganin karen da fatarsa ke komawa daidai, amma ya kasa tsayuwa da ƙafafunsa.

Ɗauki hoton zawon da waya. Ɗebi kaɗan a cikin leda mai tsabta ka ƙulle. Sannan ka tuna amsar tambayoyin da za a yi maka: shekarunsa nawa, an yi masa allurar rigakafi ko ba a yi ba, yaushe aka ba shi maganin tsutsa, me ya ci jiya da shekaranjiya, an zuba maganin ɓera a gidan ko a maƙwabta, wani ya ba shi wata ƙwaya.

Ba kowane ɗigon jini ba ne na tashin hankali. Karen da ya yi kashi mai ɗan tauri da zirin jini da majina a kai, yana cin abinci, yana kaɗa wutsiya, zai iya jiran safiya a kai shi asibiti. Amma zawon da kusan dukansa jini ne, ko wanda ya haɗu da amai da kasala, ko kashi baƙi wuluk mai danƙo, wannan ba a kwana da shi. Haka ma idan ɗan kwikwiyo ne, ko ƙaramin kare, ko tsoho.

Yanzu ga inda na fi son a saurare ni. Da zarar an ga jini, sai a aika yaro kemis ya sayo Flagyl, ko kafso ja-da-yalo, a ɗura wa kare. Wani kuma ya ga karen yana murƙususu, tausayi ya sa ya ba shi ibuprofen ko diclofenac. Waɗannan biyun na ƙarshe guba ne ga kare: suna ɓula bangon tumbi da hanji, suna ƙone ƙoda, balle ƙodar da dama ba ta samun jini. Paracetamol ma kada ka ba shi da ka. Maganin tsayar da gudawa na mutane shi ma a bar shi. Su kuwa magungunan kashe ƙwayoyin cuta, an gwada su. A 2011 waɗancan masu bincike na Munich suka raba karnuka masu wannan ciwo gida biyu, waɗanda cutar ba ta shiga jininsu ba. Rukuni ɗaya aka ba shi amoxicillin da clavulanic acid, ɗayan ba a ba shi ba, duka kuma aka yi musu ƙarin ruwa. Ba a ga bambanci ba a yawan waɗanda suka rayu ko saurin warkewarsu. Wannan ba ya nufin babu ƙwayar cuta a ciki. Ana danganta ciwon da Clostridium perfringens, ƙwayar da ke zaune a hanjin karnuka da yawa, musamman nau'inta mai fitar da dafin da ake kira NetF, wanda aka gano a Kanada a 2015. Sai dai hanjin yakan gyara kansa idan aka riƙe ran karen da ruwa. Likita ne zai duba zazzaɓi da fararen ƙwayoyin jini ya yanke ko cutar ta tsallaka cikin jini, a nan ne waɗannan magunguna suke da aiki. Babbar illar kafson kemis ita ce tana sa mai kare ya ga kamar ya yi wani abu, ya koma ya kwanta, dare ya wuce.

To ruwa ta baki fa? Dukanmu mun taso da hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa, Allah ya gafarta masa, kuma wannan tausayin shi nake so ka yi aiki da shi. Amma karen da ke amai, in ka cika masa kwano zai shanye ya amayar, ya ƙara rasa gishirin jiki. Idan asibiti na da nisa kuma aman ya lafa, haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti, irin wanda ake ba yara, ka riƙa ba shi cokali ɗaya ko biyu bayan kowane minti goma, ta gefen baki, yana zaune kansa a miƙe. Kada ka ɗura wa karen da ya galabaita har ba ya iya haɗiya, ruwan zai bi ta huhu. Ka sani kuma wannan na riƙon hanya ne. Kare mai kilo 10, yana lafiya ma, yana buƙatar wajen rabin lita a rana, ina ga wanda hanjinsa ke zuba.

A hanya kada a jefa shi but ɗin mota, musamman a watannin Maris da Afrilu. Shimfiɗa buhu ko tsohon zane a ƙasan kujerar baya ko cikin adaidaita sahu, iska na shiga. Jikinsa in ya yi sanyi, lulluɓe shi. A nemi asibitin dabbobi na gwamnatin jiha ko na kuɗi mafi kusa. Waɗanda ke kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri suna da asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'insu. Ka kira kafin ka taso, domin ba kowane wuri ne ke kwantar da kare ba.

A asibiti, aikin farko shi ne a sa masa ruwa ta jijiyar ƙafar gaba, galibi nau'in ruwan ƙari da ake kira Ringer, da sauri a farko sannan a sassauta. Za a yi masa allurar tsayar da amai da ta rage ciwo. Aiki na biyu shi ne a tabbatar ba wani ciwon ba ne, domin babu gwaji guda da ke nuna HGE, sai an kore sauran ake kiran sunansa. A Turai da Amurka an fi ganinsa a ƙananan karnukan ɗaki, irin su Yorkshire terrier, Maltese da ƙaramin poodle, waɗanda suka girma, 'yan shekara biyar ko kusa da haka. A nan wurinmu kuwa, inda yawancin karnuka na gadi ne da na farauta, ni ba na fara zarginsa sai na kore abubuwa uku.

Na farko parvo, cutar virus mai yaɗuwa tsakanin karnuka. Ɗan kwikwiyo tsakanin mako 6 da wata 6, ba a yi masa rigakafi ba, yana amai da zawon jini mai wari: parvo ne har sai gwaji ya ce a'a. Gwajin kashi ne na minti goma, kuma a parvo fararen ƙwayoyin jini kan faɗi ƙasa sosai. Rottweiler da Alseshan, waɗanda ake yayin saye don gadi, suna cikin waɗanda ya fi kayarwa. Na biyu tsutsar hanji mai shan jini, wadda ke sa dasashi ya yi fari, jinin ya tsinke maimakon ya yi kauri. Ana ganin ƙwanta a kashin da ka kawo. Na uku maganin ɓera, irin mai hana jini daskarewa, wanda alamunsa kan fito bayan kwana uku zuwa biyar da ci, kuma maganinsa bitamin K1 ne. In kana da fakitin, taho da shi. Sai kuma ƙashi ko wani abu da ya haɗiya ya tsaya a hanji. Bayan babbar sallah nakan ga irin wannan da yawa, lokacin da ake zuba wa karnuka ƙasusuwa, kitse da kayan cikin da suka kwana.

In HGE ne kuma an kawo shi da wuri, labarin mai daɗi ne. Mafi yawansu suna farfaɗowa cikin kwana ɗaya zuwa uku, waɗanda ke mutuwa bayan sun samu kulawa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Kada ka matsa a cire masa ruwa don ka ga ya ɗaga kai bayan leda ɗaya. Zawon bai tsaya ba, asarar ma ba ta tsaya ba.

Da ya dawo gida, abinci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana: farar shinkafa da ta dahu luguf da tsokar kaza dafaffiya, ba fata, ba mai, ba yaji, ba albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Tsohuwar al'adar hana shi abinci kwana biyu an bar ta, hanji ya fi saurin warkewa idan yana samun ɗan abin da zai sarrafa. Bayan kwana uku zuwa biyar ka fara cakuɗa masa abincinsa na da, a hankali. Kashin zai ɗauki 'yan kwanaki kafin ya yi tauri. Idan jini ya dawo, ko ya sake ƙin abinci, ko gudawa ta riƙa kai-komo makonni bayan haka, a mayar da shi.

Wurin da ya yi zawon, a kwashe ƙazantar tukuna, a wanke da sabulu, sannan a zuba Hypo ko Jik, murfi ɗaya cikin murfi 30 na ruwa, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye. HGE ba ya yawan tsallakawa daga kare zuwa kare, amma parvo yana yi, kuma ƙwayarsa tana rayuwa watanni a ƙasa, don haka a ware marar lafiyar daga sauran har sakamakon gwaji ya fito. In akwai 'yan kwikwiyo a gidan, a fara musu allurar rigakafi daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har su kai mako 16, kuma kada a fitar da su cikin wasu karnuka kafin a kammala.