Yadda za ka zana allon lantarki naka wanda ake soka ESP32 a kai

Duk wanda ya taɓa haɗa aiki kan biredbod, wato allon gwaji mai ramuka da ake soka wayoyi, ya kai shi gona ya san wahalar, ƙurar hunturu ta cika ramukan, waya guda ta zare, sai a kira ka daga fadamar Kwalkwalawa a ce famfo ya ƙi tashi. Maganin wanga shi ne ka zana allonka, amma bar modul ɗin ESP32, wato ƙaramar kwamfutar nan mai WiFi, yadda yake da USB ɗinshi da komai, kai dai ka yi mishi mazauni da soket, ran da ya ƙone ka zare ka soka wani ko dalma ba ka taɓa ba.

Da farko sayi modul ɗin ya zo hannunka tukuna, dan Allah kar ka zana da hoton intanet. ESP32 DevKit akwai mai ƙafa 30 akwai mai 38, kuma faɗinsu ba ɗaya ba ne. Tsakanin ƙafa da ƙafa 2.54mm ne, wannan ba gardama, amma tsakanin layukan biyu sai ka auna da kanka. Wasu modul an san nasu, Arduino Nano 15.24mm ne, Raspberry Pi Pico 17.78mm, shi ko ESP32 kowane kamfani da nashi. Ni allona na farko sai da munka jira makonni, da anka kawo na ɗora modul layi guda ya shiga ɗayan ya tsaya a waje da tazarar rami ɗaya tak, alluna biyar sunka tashi a banza, wallahi har yau abin na min ciwo.

Sai ka sauke KiCad, manhajar zana allo, kyauta ne, ka fara da zanen haɗi kafin ka taɓa allon. Nan ne za ka zaɓi ƙafafu, kuma ba kowace ake taɓawa ba. Ƙafafun da ake kira GPIO 6 zuwa 11 na ma'ajiyar cikin modul ne ka bar su, 34 zuwa 39 karɓa kawai suke ba su fitarwa, su 0, 2, 12 da 15 kuma in ka ja su ba daidai ba lokacin kunnawa modul ɗin na iya ƙin tashi. Kuma ƙafafun nan 3.3V suke aiki da ita, in firikwensinka na fitar da 5V sa rezista biyu su rage ta. Rile kuwa, wato makunnin da zai tada famfo, kar ka ɗaura shi kai tsaye ga ƙafa, sa taransista da diyod irin 1N4007 a kan naɗin wayar rile ɗin.

Batun wuta shi ne inda zafin garinmu ke kama mutane. In batirin sola mai 12V za ka yi amfani da shi ka sa 7805 mai rage wuta zuwa 5V, a 500mA wat 3.5 ke zama zafi zalla, to ka haɗa da ranar Afrilu ta Sakkwato da ke wuce digiri 40 cikin akwati rufe, ba ya daɗewa. Sa LM2596 ya sauke maka zuwa 5V ba tare da wannan zafin ba, ka ƙara fiyus da kafasita babba kusa da modul saboda WiFi na fizgar wuta lokacin aikawa.

Wurin jera kaya, gefen eriya ya leƙo bakin allo, kar ka zuba tagulla ƙarƙashinta, bakin USB kuma ya kalli waje yadda waya za ta shiga. Layin sigina 0.25mm ya isa, na wuta ka kai shi 1mm ko fiye, wanda ke ɗauke da wutar NEPA kuma ka nisanta shi sosai da sauran. Huda ramukan ƙusa huɗu, ka rubuta sunan kowace tasha a jikin allo da alamar inda kan modul ke kallo, don yaron da za ya canza shi a gona kar ya juya shi.

Kafin ka biya ko kwabo, danna DRC cikin KiCad ya duba maka kurakurai, sannan ka je shagon buga takardu a buga zanen da girmanshi na gaskiya, ɗora takardar kan soso ka soka modul ɗin ka ga ko ƙafafun sun faɗa daidai. In sun faɗa sai ka fitar da fayilolin Gerber, waɗanda ake buga allo da su, ka tura ma kamfanin Sin irin JLCPCB ko PCBWay, guda biyar ne mafi ƙaranci.

Da sun iso, soka soket ɗin ga ƙafafun modul kafin ka sa dalma don su tsaya a miƙe, in ka gama ka zare modul, ka kunna allon shi kaɗai ka auna da mita, sai ka ga 5V inda ya kamata sannan ka mayar da shi.